Yadda ake tafiyar da ƙaramin dam don kifi ya samu hanya, daga sakin ruwa har zuwa rushewa

Tambayar da masunta da manoman rani na kewayen Jos suka fi maimaitawa ita ce: tunda aka datse rafinmu kifi ya yi ƙaranci, mu fasa dam ɗin ne ko yaya? Fasawa ita ce matakin ƙarshe, kuma yawancin ƙananan madatsun Filato ba za su kai can ba. Kafin ita akwai awo, akwai sakin ruwa a kan lokaci, akwai gina wa kifi hanya. Wannan jagora ta ƙananan madatsu ce, na ƙasa ko na kankare, waɗanda tsayinsu bai wuce mita huɗu zuwa biyar ba, irin waɗanda ƙauye ya gina ko wani tsohon kamfanin kuza ya tafi ya bari. Manyan da gari ke sha daga gare su, kamar na Lamingo da na Shen, ko na wutar lantarki da ke Kurra, ba aikin ƙungiyar unguwa ba ne. Su sai dai a kai koke ga masu su.

1. Ku tabbatar dam ɗin ne ya tare kifin

Ku jira ruwan farko mai ƙarfi, wajen Mayu zuwa Yuni, lokacin da rafi ya yi ja ya fara cika. Ku je gindin dam da asuba ko da daddare da tocila. In kun ga tarwaɗa ta yi cincirindo tana goga kai a jikin bango, ko kawara da burdo suna tsalle suna faɗowa, to akwai kifin da ke son hawa. Tarwaɗa tana bin sabon ruwa ne zuwa ciyawar da ambaliya ta shanye, can take zuba ƙwai. In an tare ta, ƙwan na wannan shekara ya tafi a banza.

Daga nan ku bi rafin da ƙafa zuwa ƙasa, ku yi nisa. Filato tudu ne, Jos kanta tana sama da mita 1,200, kuma koguna da yawa suna sauka ne ta gangaren dutse irin na Assop da ke kusa da Hawan Kibo. Kifin Binuwai ba ya hawa irin wannan, da dam da babu dam. Saboda haka wanda ke saman tudu kada ya yi wa jama'a alkawarin giwan ruwa. Abin da zai dawo masa shi ne kifin rafin kansa. Ribar buɗe hanya ta fi yawa a ƙasan tudu, wajen Shendam da Wase, inda rafi ke haɗe da babban kogi ba tare da shamaki ba.

A wannan tafiya ku rubuta duk wani abin da ke tare hanya: kwalbatin da bakinsa ya rataye sama da ruwa, shingen dumba, wurin da masu ɗiban yashi suka yanke gado.

Gargaɗi: in ana zuba wa rafin gamalin ko wani maganin ƙwari don kama kifi, ku fara da wannan. Duk kuɗin da za ku kashe a kan dam ba zai yi amfani ba muddin guba na aiki.

2. Ku san mai dam, ku san masu amfani da shi

Dam ɗin da ake ganin kamar ba shi da mai shi, ranar da aka taɓa shi masu shi za su fito. Ku fara daga mai unguwa da dagaci, sai sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, sai ma'aikatar albarkatun ruwa ta jiha. Akwai kuma hukumar raya koguna ta ƙasan Binuwai da ke Makurɗi, wadda Filato ke cikin yankinta. 

Doka tana bayanku fiye da yadda kuke zato. Dokar kamun kifi ta ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta ɗora wa hukumomi alhakin kula da gina madatsu domin kifi ya yi zirga-zirga, ta kuma yi maganar gina masa matakalar hawa. Amma akwai wata dokar, ita ma ta 1992, ta tantance tasirin ayyuka ga muhalli, wadda ke iya hawa kanku in aikin rushewa ne. Ku rubuta takarda, ku karɓi amsa a rubuce. Izinin baka ba ya tsaya wa kowa a gaban alƙali.

Sai zama da masu amfani da ruwan: masu dankalin turawa da kabeji da karas, makiyaya masu shayar da shanu, masu buga bulo, mata masu wanki, da mutanen da ke ƙasa da dam. A Filato maganar ruwa tsakanin manomi da makiyayi ba abin wasa ba ce, kowa ya sani. Kada a yi zama ɗaya babu ardo, kada a yi babu shugaban manoman rani, kuma a sa hannu a kan abin da aka amince.

3. Awo

Kayan aiki: gora doguwa ko igiya mai dutse a ƙarshe da aka yi wa alamar rabin mita rabin mita, kwalekwale, tef, bokiti mai lita 20, agogon waya, fenti, da littafi mai bango mai ƙarfi.

Da farko ku kafa sandar awo a cikin ruwan, ta ƙarfe ko katako mai ƙwari, a yi mata layi kowane santimita 10, a wurin da za a iya karantawa daga gaɓa. Mutum ɗaya ya riƙa rubuta lambar duk safiya. Wannan littafin shi ne zai raba gardama nan gaba.

Yawan ruwan da dam ke riƙewa ana ƙiyasta shi haka: faɗin saman ruwa, sau zurfin da ya fi kowanne, sau 0.4. A ce saman ruwan hekta 2 ne, wato murabba'in mita 20,000, zurfinsa kuma mita 4. Lissafin ya ba da kubik mita 32,000. Kubik mita ɗaya duro biyar ne na lita 200. Zurfin da za ku sa a lissafi shi ne na yau, wanda gora ta taɓa laka, ba wanda dattawa suka ce an haƙa ba. Ku ƙara danna gorar cikin lakar har ta tsaya, ku rubuta kaurin lakar a wurare goma ko fiye. Za ku buƙace shi a mataki na 7.

Yanzu ku duba abin da ke fita ba tare da kowa ya ɗiba ba. In rana da iskar hunturu suna shan milimita 5 a yini, hekta 2 na asarar kubik mita 100 kullum. Shi kuma sakin lita ɗaya tak a daƙiƙa, kubik mita 86 ne da ɗoriya a yini. Wanda ya ce zai saki lita 5 a daƙiƙa tsawon kwana 150 na rani yana maganar kusan kubik mita 65,000, ninki biyu na abin da dam ɗin ya ƙunsa gaba ɗaya. Wannan lissafin shi ya sa ban yarda da masu cewa a bar bututu a buɗe duk shekara ba. Ƙaramin dam ba zai iya ba, kuma ba a rani kifin ya fi buƙata ba.

Ku auna ruwan da ke shigowa ma. In ɗan kaɗan ne, bokiti da agogo sun isa: lita 20 ta cika cikin daƙiƙa 4, lita 5 ke nan a daƙiƙa. In rafi ne sosai, ku zaɓi miƙaƙƙen wuri mai mita 10, ku jefa ɓawon lemu, ku ga daƙiƙa nawa ya yi, ku raba mita 10 ɗin da yawan daƙiƙun, gudun ruwan ke nan. Faɗi sau zurfi sau gudu, sannan sau 0.8, domin ruwan ƙasa bai kai na sama gudu ba.

4. Ku tsara kalandar ruwa

A nan aikin yake, kuma shi ne mafi arha.

Ga abin da ke faruwa a yawancin madatsunmu. Masu noman rani sun zuƙe dam zuwa Maris. Ruwa ya sauka a Afrilu da Mayu, dam ɗin da ke fanko ya haɗiye ambaliyar farko da ta biyu da ta uku, ko ɗigo bai wuce ba. Sai ya cika a Yuli ya fara amai. Kifin da ke ƙasa kuwa alamarsa ta fara hawa ita ce wannan jan ruwan na farko. Kafin ruwa ya iso masa lokaci ya ƙure. Wato dam ɗin yana cutar da kifi tun kafin a zo maganar bango.

Gyaran shi ne a juya tsarin cikawa. Daga saukar ruwa zuwa ƙarshen Yuni, a bar rabin abin da ke shigowa ko fiye ya wuce, musamman a kwana biyu zuwa uku da ke bin kowane babban ruwa. A bar cikawa sai Yuli da Agusta, lokacin da ruwan Jos ya fi yawa har ana rasa inda za a kai shi. Manomi bai yi asarar komai ba, domin dam ɗin zai cika kafin Oktoba, kuma ba wanda ke ban-ruwa a Yuni. In manoma suna ɗari-ɗari, ku nuna musu littafin awo na shekara guda, su ga ranar da dam ya fara zubar da rara da kwanakin da ya yi yana zubarwa. A shekarar da hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, ta yi hasashen ƙarancin ruwa, a fara tarewa da wuri.

Daga Oktoba zuwa Nuwamba a rage sakin a hankali, cikin mako biyu zuwa uku. Wanda ya rufe bawul rana ɗaya zai tarar da 'ya'yan kifi sun maƙale a ƙananan kududdufai, balbela da yara suna rabo. A rani kuma, in rafin mai gudu ne tun asali, a bar aƙalla kashi ɗaya cikin goma na matsakaicin gudunsa. Masana suna ɗaukar wannan a matsayin abin da zai hana mutuwa kawai, kashi uku cikin goma shi ne mai kyau. Rafin da dama can yake ƙafewa a rani, a bar shi da halinsa.

A cikin dam ɗin kansa a yi jan layi a sandar awo, kamar mita ɗaya da rabi daga laka. Ruwa ya kai nan, injinan ban-ruwa su tsaya. Wannan shi ne mafakar iyayen kifin baɗi.

Gargaɗi: kada a jera buhunan yashi ko katako a magudanar rara don a ƙara tara ruwa. Dam na ƙasa ba ya jure ruwa ya bi ta kansa, cikin sa'o'i yake tsagewa. Wanda ya ga abin da ya sami Maiduguri a Satumban 2024 bayan ɓallewar dam ɗin Alau ba ya buƙatar dogon bayani.

5. Hanyar sakin ruwa

In dam ɗin yana da bututun ƙasa da bawul, a gyara shi, a shafa masa giris, a sa masa kwaɗo, makulli a hannun mutum biyu. In ya toshe ko babu, kada a haƙa bango don a sa sabo. A yi amfani da bututun roba mai inci 4 ko 6 a ɗora shi ta saman bango, bakin waje ya fi na ciki yin ƙasa sosai. A toshe bakunan biyu, a cika shi da ruwa ta wata ƙofa a ƙololuwa, a rufe ta ruf, sannan a buɗe. Zai yi ta zuƙa da kansa ba inji ba mai. Iska ce maƙiyinsa, ko ƙaramar kafa ta isa ta kashe shi. Kuma saboda tsayin Jos ƙarfin zuƙarsa bai kai na ƙasar kwari ba, don haka kada tazarar saman ruwa da ƙololuwar bututun ta wuce mita huɗu zuwa biyar.

Ruwan can ƙasan dam sau da yawa ba shi da iskar da kifi ke shaƙa, za ku ji yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. A ɗaure bakin bututun da jarka ya tsaya kamar mita ɗaya ƙasa da saman ruwa, a sa masa raga, a kuma tara duwatsu a inda yake zuba don ruwan ya fantsama ya sha iska, ya kuma daina cin gindin bango.

6. Gina wa kifi hanya

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kwafo hoton matakalar kifi ta Turai. Waɗannan an yi su ne don kifin salmon mai tsallen gaske. Tarwaɗa da kurungu da karfasa ba haka suke ba, suna son ruwa mai sauƙin gudu da wurin hutawa.

Abin da ya dace da mu shi ne ɗan rafi na duwatsu da zai kewaye dam ta gefe, a kan ƙasar asali, ba a jikin bango ba. Dutse kuwa Jos ba ta rasa shi ba. Gangarensa kada ya wuce mita ɗaya a cikin kowace mita 20, in da fili a yi 30. Dam mai mita 3 ke nan yana son hanya mai tsawon mita 60 zuwa 90. A jera manyan duwatsu a gicciye su yi ƙananan tafkuna masu zurfin rabin mita, bambancin ruwan wani tafki da na gaba kada ya wuce santimita 10 zuwa 15, a bar giɓi tsakanin duwatsun har ƙasa domin masu bin ƙasa su ratsa. A binne kashi ɗaya cikin uku na kowane dutse, in ba haka ba ambaliyar Agusta za ta kwashe su.

Bakin hanyar na ƙasa shi ne komai. Dole ya buɗe daidai inda kuka ga kifi na taruwa a mataki na 1, dab da gindin dam, kuma ruwan da ke fita daga cikinsa ya yi ƙarfin da kifi zai ji. In kun kai bakin mita hamsin ƙasa, kifin zai wuce shi ya je ya ci gaba da goga kai a bango. Bakin sama kuma ya yi nesa da magudanar rara, kada wanda ya hau ruwa ya sake dawo da shi.

Kuɗin aikin ya fi tafiya a hayar eskabeta da man da take sha, sai tifofin dutse, sai safiyo da injiniya. Farashi yana sauyawa kusan kowane wata, saboda haka ku nemi ƙiyasi daga wuri uku, ku tambaya ko kuɗin ɗauko injin da mayar da shi yana ciki, domin nan ake yawan samun saɓani. In za a rage wani abu, a rage siminti. Kuɗin safiyo kada a taɓa shi, gangaren da aka yi da ido ba ya fita daidai. Domin shawara a kan kifin kansa akwai cibiyar binciken kifi ta ƙasa da ke New Bussa, akwai kuma malaman Jami'ar Jos.

7. Yaushe rushewa ta halatta

Sai abubuwa uku sun haɗu: na ɗaya, dam ɗin ya cika da laka har ba ya riƙe ruwan kirki, ko kuma bangonsa yana yoyo yana barazana; na biyu, babu wanda rayuwarsa ta dogara da shi, ko an samar masa rijiya ko burtsatse; na uku, akwai rafi mai kyau a sama da kifi zai amfana da shi. In ɗaya ya faɗi, ku tsaya a mataki na 4 da na 6.

A Amurka an rushe madatsu biyu na kogin Elwha tsakanin 2011 da 2014, an kuma kammala rushe huɗu na kogin Klamath a 2024, inda aka ga salmon ya hau sama cikin 'yan makonni. Amma a can ma laka ce ta fi ba su wahala. A Klamath, lokacin da aka fara zuƙe ruwa a farkon 2024, lakar da ta fita ta shanye iskar ruwa kifaye suka mutu. A 1973 kuwa an cire wani dam a Fort Edward da ke kogin Hudson, lakar da ke ɗauke da gubar masana'antu ta bazu zuwa ƙasa.

Mu a Filato tamu matsalar ta kuza ce. Tarkacen wankin kuza yana ɗauke da ma'adanai irin su monazait masu fitar da tururin nukiliya. In dam ɗin yana ƙasa da tsohon wurin haƙa ko wurin wanki, a ɗebi laka daga wurare daban-daban, sama da can ƙasa, a kai ɗakin gwaji kafin a taɓa komai. In sakamako ya nuna haɗari, ba a sakinta cikin rafi, ba a zuba ta a gona, ba a buga bulo da ita.

8. Rushewar kanta

Lokacinta ƙarshen rani ne, bayan an kwashe amfanin gona, a gama kafin ruwan Afrilu. Injiniya ya kasance a wurin, a kuma sanar da duk ƙauyukan ƙasa ranar da za a fara, a masallaci da coci da kasuwa.

A fara da sauke ruwa ta bututu, kada ya wuce taku ɗaya a yini. Bangon ƙasa da ya jiƙe, in aka janye masa ruwa da sauri, zamewa yake yi ta ciki. Ruwa ya yi ƙasa, a shiga da taru a kwashe kifin da ya rage da sanyin safiya, a kai manyan rafi a cikin durori.

Sannan a yanke bango daga sama, daidai inda tsohon gadon rafi yake, kamar rabin mita a lokaci guda. A dakata ruwa ya daidaita, laka ta zauna ta tsane, a sake yankewa. In lakar tana da kauri sosai, a raba aikin rani biyu. Faɗin yankan ya kai faɗin rafin na asali har da gaɓarsa, gefunan kuma a kwantar da su. A tono har tushe. Guntun kankaren da aka bari a gado, bayan damina ɗaya zai zama sabon shamaki.

Gargaɗi: ban da nakiya, ban da fasa bango yana cike da ruwa, ban da barin yara su taka lakar da ta fito. Samanta yana bushewa ƙasanta yana nan taɓo, tana haɗiye saniya.

9. Bayan an gama

Da ruwan farko a dasa jema a layi-layi a kan lakar da gaɓar rafi, saiwarta tana riƙe ƙasa. A hana kiwo da noma a wurin damina ɗaya zuwa biyu, a kuma yanke tun da wuri wa ke da sabon filin da ya fito, domin fadama ce mai kyau kuma idanu suna kanta.

Ko hanya kuka gina ko rushewa kuka yi, sarkin ruwa ya sa dokar hana kamu a bakin hanyar da cikinta daga Mayu zuwa Agusta, da tara mai zafi. Kifin da ya taru a ƙunci ko da kwando ana kwasarsa. A bi hanyar bayan kowane babban ruwa a cire itace da leda da yashi, a mayar da dutsen da ya gusa. Sau ɗaya a mako a sa gura a bakin sama na dare ɗaya, a ƙirga abin da ya shiga, a rubuta irinsa da girmansa, a sake shi. In damina ta wuce gurar ba ta kama komai ba alhali kifi na taruwa a ƙasa, ku fara duba bakin hanyar, sannan gudun ruwan da ke tsakanin duwatsu.